Daga Bauchin Yakubu: Linzami Ya Fi Ƙarfin Bakin Kaza

Ran Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar la'asar, ina zaune a zaure ina shan iska, sai ga ɗan yayata ya yi sallama, fuskarsa cike da fara'a irin ta wanda ya zo da bukata. Yaron nan ya gama difloma shekara biyu ke nan, bai zauna jiran aikin gwamnati ba, ya kama ɗan shago a wajajen Wunti, inda ya ke tace hotunan bidiyo na bukukuwan aure, yana tsara katin gayyata, wani lokaci kuma magina su kawo masa zanen gida ya fitar musu da shi a kwamfuta. Da muka gaisa, sai ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton wani baƙin allo mai ƙyalli, an jera masa ƙarafa da fitilu kamar motar amarya.

Ya ce, "Kawu, wannan ita ce uwar allon da babu irinta. In na same ta, kwamfutata za ta yi gudun da ba a taɓa gani ba a garin nan. Wata mai zuwa Inna za ta kwashi adashinta, so na ke ka sa baki ta ranta mini."

Na ce masa ya ba ni kwana uku in yi bincike, domin kuɗin adashin tsohuwa ba abin da a ke sa baki a kansa da ka ba ne. Abin da na gano shi ne na ga ya kamata in kawo shi wannan fili, sabo da na san ba shi kaɗai ba ne. Daga Bauchi har Sakkwato, samarinmu da yawa suna kwana suna kallon irin waɗannan alluna a intanet, suna lissafin abin da za su sayar su mallake su.

Da farko dai, mene ne uwar allo? In ka buɗe akwatin kwamfutar tebur, za ka ga wani faffaɗan allo wanda ko wane abu na ciki ya ke manne da shi. Masu gyara suna ce masa bod. A kansa a ke ɗora ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau furosesa, da sandunan ma'ajin wucin gadi da a ke kira ram, da katin hoto, da ma'ajin dindindin. Allon ba ya lissafi da kansa. Aikinsa shi ne ya raba wa ko wanne wuta gwargwadon bukatarsa, ya kuma kai saƙo daga wannan zuwa wancan ta siraran hanyoyin tagulla da a ka shimfiɗa hawa-hawa a cikinsa. Tun kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 a ke bin wannan tsari, sa'an nan a 1995 kamfanin Intel ya fito da fasalin da a ke kira ATX, wanda har yanzu shi ne ma'aunin da yawancin alluna su ke bi. Manyan masu ƙera su kuwa kusan duk 'yan tsibirin Taiwan ne: MSI da Gigabyte an kafa su a 1986, ASUS a 1989, ASRock kuma a 2002.

To, me ya raba allo mai tsada da na talaka? Babban bambanci yana wajen sarrafa wuta. Akwatin wutar kwamfuta yana miƙo bolt 12, alhali kuwa ƙwaƙwalwa ba ta bukatar abin da ya wuce bolt ɗaya da 'yan kai. Kewayen mazaunin ƙwaƙwalwa akwai jerin ƙananan na'urori waɗanda su ke sauko da wutar, suna karɓa-karɓa kamar mata a bakin turmi. In ƙwaƙwalwa tana cin wat 250 a kan bolt 1.25, amfiya 200 ke nan su ke ratsa wurin da bai kai tafin hannu ba. Allo mai tsada yana da waɗannan na'urori ashirin ko fiye, da ƙarafa masu kauri na kwashe zafi, da hawan tagulla masu yawa. Yana da 'yar fitila mai nuna lambar matsala in kwamfuta ta ƙi tashi, da maɓallin da za ka mai da saiti yadda ya ke in ka ɓata shi. Wadansu ma, kamar samfurin Apex na kamfanin ASUS, ramin ram biyu kawai a ke yi musu maimakon huɗu, da gangan, domin hanyar saƙo ta gajarta.

Duk wannan tanadi an yi shi ne sabo da wadansu mutane masu wata irin sha'awa, waɗanda ni na ke kira masu ƙaimi. Ko wace ƙwaƙwalwa tana da gudun da kamfani ya ƙayyade mata, a na auna shi da megahaz ko gigahaz. Mai ƙaimi shi ne wanda ya ke shiga saitin allo ya ƙara mata gudu fiye da ƙa'ida, ya ƙara mata wuta domin ta jure, kamar yadda mahayi ya ke sa wa doki ƙaimi a filin sukuwa. Abin ya samo asali ne daga neman araha. A 1998 Intel ya fitar da wata ƙwaƙwalwa mai sauƙin kuɗi, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Mutane suka gano cewa in an ɗora ta a kan allo mai kyau, kamar BH6 na kamfanin Abit, a ka sauya saiti guda, sai ta haura zuwa 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da wadda ta ninka ta tsada. Ƙarin rabi ke nan a kyauta. A wancan zamani, ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yana da hujjar yin ƙaimi.

Daga baya al'amarin ya koma gasa. A 2011 gwanayen kamfanin AMD suka kai wata ƙwaƙwalwa samfurin FX gudun gigahaz 8.429, a ka rubuta shi a kundin bajinta na Guinness. A watan Disamba na 2022 kuma, wata ƙungiya ta kamfanin ASUS, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin da a ke wa laƙabi da Elmor ya ke cikinta, ta ƙetare gigahaz 9 da ƙwaƙwalwar Core i9-13900K a kan allon Maximus Z790 Apex. Amma mai karatu ya san da me a ka yi? Da ruwan hiliyom, wanda sanyinsa ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri. Wanda su ka fi amfani da shi yau da kullum, ruwan naitirojin, digiri 196 ne ƙasa da sifiri. Kwarara shi a ke yi a kan ƙwaƙwalwa yana tururi, a sami gudun na ɗan ƙanƙanen lokaci gwargwadon a ɗauki shaida, shi ke nan. Babu wanda ya taɓa tace bidiyon biki a cikin wannan hali.

A nan ne na fara yi wa yaron nan lissafi. Irin allunan nan na ƙoli, kamar Godlike na MSI, sun haura dala 1,000 a lokacin da su ka fito. Tun bayan da a ka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. A wancan lissafi, allo guda ya haura naira miliyan ɗaya da rabi kafin a biya kuɗin jirgi da na kwastan. Mafi ƙarancin albashin da a ka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Watau albashin ƙaramin ma'aikaci na wata ashirin da ɗaya, a kan allon da bai ko kunnu ba tukuna, domin ba a sayi ƙwaƙwalwa ba, ba a sayi ram ba, ba a sayi katin hoto ba.

Da a ce ribar tana nan kamar ta 1998, da sai in ce a duba. Amma zamani ya juya. Ƙwaƙwalwar yanzu ita ke yi wa kanta ƙaimi. Tana auna zafin jikinta da wutar da ta ke samu ko wane lokaci, ta ƙara gudu ko ta rage. Core i9-14900K da ta fito a watan Oktoba na 2023, daga cikin kwalinta ta kan taɓa gigahaz 6. Kamfani ya riga ya tatse nonon, abin da ya rage wa mai ƙaimi ɗan kaɗan ne, wanda in ba da ma'auni ba ido ba zai gane shi ba. Kuma wannan ɗan kaɗan ɗin da tsada a ke sayensa, domin wutar da ƙwaƙwalwa ta ke ci ba ta tafiya daidai da gudu, in ka ƙara ƙarfin bolt kaɗan sai cin wuta da zafi su yi tsalle.

Yanzu sai mu dawo gida Bauchi. Abu na farko da ke gabanmu shi ne zafi. Fanka ko na'urar ruwa da a ke ɗora wa ƙwaƙwalwa ba ƙanƙara ta ke yi ba, zafi kawai ta ke kwashewa ta zuba a iskar ɗaki. In iskar ɗakin da zafi, aikinta ya ragu. Turawan da yaranmu su ke kallo suna gwada kayan nan, a ɗakuna masu digiri 22 ko kusa da haka su ke gwajinsu. A ce ƙwaƙwalwa ta tsaya a digiri 85 a can. Ka ɗauko ta ka kawo ta shago mai rufin kwano a Bauchi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana ya kan kai digiri 40, ka ga lissafi ya kai 103. Ita kuwa ƙwaƙwalwar Intel da ta taɓa digiri 100 sai ta ja wa kanta linzami, ta rage gudu domin kada ta ƙone. Ashe ka biya kuɗin ingarma, rana ta mai da shi alfadari. Allon miliyan ɗaya da na dubu ɗari biyu, a wannan hali gudunsu guda ne.

Na biyu shi ne wuta. Bauchi tana cikin yankin kamfanin rarraba wuta na Jos, tare da Gombe da Filato da Binuwai. Ran 3 ga watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta mai da kuɗin masu layin rukunin A naira 225 ko wane yunit, ko da ya ke an ɗan sassauta daga baya. A ce kwamfuta mai ƙaimi da katin hotonta tana cin wat 600, tana aiki awa 8 a rana. Yunit 4.8 ke nan, watau naira 1,080 a rana bisa wancan farashi, fiye da naira 32,000 a wata, ba a sa fanka da fitilar shago ba. Wannan ma in akwai wutar ke nan. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa su ka lalace, jihohi da dama har da tamu su ka yi fiye da mako guda cikin duhu, a daidai lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000. A waɗannan kwanaki, wanda ya yi aiki a garin nan shi ne mai sola da batir, ko da kwamfutarsa tsohuwa ce.

Rashin wutar ma da sauƙi a kan yadda ta ke dawowa. Ta kan zo da rauni, ta kan zo da ƙarfi fiye da kima, janareta kuma in mai ya kusa ƙarewa ya kan yi ta shessheƙa. Shagunanmu da yawa ba a binne musu wayar ƙasa ba. Da damina ga tsawa, da hunturu ga ƙurar da ke toshe ƙarafan sanyaya kamar auduga, ga bushewar iska da ke sa jikin mutum ya tara tartsatsin da zai iya kashe allo da taɓawa ɗaya. Wani mai gyara da na zauna da shi a kan wannan bincike ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburinsa, cike da matattun alluna, ya ce mini, "Malam, a cikin nan akwai mai tsada akwai mai araha, wuta ba ta tambayar farashi."

Har wa yau, ko a ƙasashen da wutarsu ba ta ƙiftawa, neman gudu fiye da kima ya jawo asara. A watan Afrilu na 2023 an sami rahotannin wadansu ƙwaƙwalen Ryzen 7000X3D da su ka ƙone tare da mazauninsu a kan allo, har kamfanin AMD ya sa a ka ƙayyade wutar wani sashe nasu kada ta wuce bolt 1.3. A 2024 kuma Intel ya amsa cewa manyan ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa a hankali sabo da yawan wutar da su ke nema, ya fitar da gyara, ya ƙara wa masu su garanti na shekara biyu. A cikin wannan rikici ne jama'a su ka gane cewa alluna da yawa suna fitowa daga masana'anta an cire musu iyakar cin wuta, domin su yi fice a wajen gwaji. Baturen da tasa ta lalace ya kan sa ta a kwali ya aika a musanya masa. Yaron Wunti da ya saya ta hannun ɗan aike daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko daga Dubai, ina zai kai kuka?

Kada mai karatu ya ɗauka ina kushe masu wannan sha'awa ne. Mu mutanen Bauchi mun san masu kiwon doki, waɗanda su ke kashe abin da ya fi albashin wani a kan dusa da kayan ado domin hawan salla, ba kuwa wanda ya ce sun yi laifi, tun da da guminsu su ke yi. Wanda Allah ya hore wa, yana da ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, ya sayi allon da ransa ya ke so, ya yi wasansa. Maganata da mai neman abinci ce, wanda kwamfutarsa ita ce gonarsa, jarinsa kuma bashi ne. Shi wannan linzamin ya fi ƙarfin bakin kazarsa.

Ga abin da na shawarci ɗan yayata da shi, na kuma shawarci ire-irensa. Ya fara da wuta: akwatin wuta na ƙwarai daga sanannen kamfani, da inbata mai fitar da wuta lafiyayya, da batir, in hali ya yi da faifan sola, ya kuma kira mai aikin wuta ya binne masa wayar ƙasa. Sa'an nan ya nemi allo matsakaici, irin su B650 in AMD ya ke so, ko B760 in Intel ne, ya duba cewa an rufa wa na'urorin wutarsa ƙarfen sanyaya. Abin da ya rage ya zuba shi a ram da katin hoto da ma'aji mai sauri, domin su ne mai tace bidiyo ya ke jin amfaninsu a hannunsa. Ya kuma sayi ma'aji na biyu ya riƙa kwafe aikin mutane, domin allo in ya mutu a kan sayi wani, amma bidiyon ɗaurin aure in ya ɓace ba a sake ɗaura auren.

Ya kuma duba tsawon ran mazaunin ƙwaƙwalwa kafin ya saya. Mazaunin AM4 na AMD, wanda Ryzen ta farko ta hau a 2017, ya yi shekaru yana karɓar sababbin ƙwaƙwale, har wadansu allunan 2017 su ka ɗauki Ryzen 5000 bayan an sabunta musu saiti a 2022. AM5 da ya gaje shi a watan Satumba na 2022, kamfanin ya yi alkawarin riƙe shi har 2027 ko bayanta. Shi kuwa Intel ya bar mazaunin LGA 1700 ya koma LGA 1851 a watan Oktoba na 2024. Wanda zai sayi allo na hannu kuma ya buɗe ido, ya haska fitila a mazaunin, domin na LGA 1700 siraran allurai 1,700 ne a ciki, guda ɗaya in ta lanƙwashe ta isa ta hana kwamfuta tashi. Kada ya biya sai an kunna a gabansa.

Akwai kuma wani ilmi na masu ƙaimi da ya dace da mu ƙwarai, amma a juye. Irin saitin da su ke shiga su ƙara wuta, mu sai mu shiga mu rage. Ƙwaƙwalwar Ryzen 9 7950X an ƙayyade mata wat 170, amma kamfanin da kansa ya sa mata saitin tsimi da ke mai da ita 105, gudun da ta ke rasawa kaɗan ne, zafin da ta ke ragewa da yawa. A ƙasa irin tamu, gwani shi ne wanda ya iya sa kwamfuta ta wuni tana aiki a watan Afrilu a kan batir guda ba ta yi zafi ba.

Wannan ya kawo ni ga kiran da na ke so in yi wa makarantunmu. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda a ka kafa a 1980 domin koyar da fasaha, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da ta Abubakar Tatari Ali, duk suna yaye ɗaliban lantarki da na kwamfuta ko wace shekara. Kwalin matattun allunan nan da na gani a ƙarƙashin tebur, littafi ne da ya kamata a kai aji. Da yawansu ƙaramar na'ura guda ce ta ƙone a sashen wuta, wanda ya iya bin hanya da mita ya gano ta, ya cire ya sa wata, ya ceci kayan dubban nairori. Yaranmu masu gyaran waya sun riga sun nuna suna da hannun wannan aiki. Dattawan garin nan sun ga masana'antar Steyr tana harhaɗa taraktoci da manyan motoci tun ƙarshen shekarun 1970, sun kuma ga yadda ta durƙushe. Injin da a ka sayo daga waje, iyakar ransa shi ne iyakar masu iya gyara shi a gida.

Da kwana ukun su ka cika yaron ya dawo, na shimfiɗa masa duk wannan a takarda. Ya yi shiru yana duban lissafin, can ya ce, "Kawu, na ji, amma fa allon nan yana da kyau." Na ce wallahi yana da kyau, ni ma na yi ta kallonsa. Muka tafi wajen mahaifiyarsa tare, ta yarda za ta ranta masa rabin adashin, bisa sharaɗin batir da inbata za a fara saye, ya kuma biya kafin babbar salla. Jiya na bi ta shagon na tarar mai aikin wuta yana haƙa ramin wayar ƙasa. Hoton baƙin allon kuwa yana nan a fuskar wayarsa, bai cire ba, ni ma ban ce ya cire ba.

Allah ya sa wa neman samarinmu albarka, ya kiyaye mu da asara. Sai mun sadu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.